Matakin Tsakiya

A kamfanin Anti ba a ɗaukar kafinta sai ya haɗa tsani ya hau shi da ƙafarsa. Haka abin yake tun wurin yana ɗan shago mai injin yanka ɗaya da wata fanka mai ƙara kamar za ta faɗo wa mutane a ka, haka kuma yake yanzu da aka rushe bangon baya aka haɗe da shagon maƙwabci, aka sayo mota aka rubuta suna a jikinta. Gadaje masu hawa biyu suke yi wa makarantun kwana, irin waɗanda yaro ɗaya ke kwana a ƙasa ɗaya a sama. Ita kuwa Anti, kafin ta gaji shagon mahaifinta, ta yi shekaru tana kula da ɗakin kwanan ɗalibai, ta ɗaure hannun yaran da suka faɗo daga gado har ta gaji. Shi ya sa in dai maganar tsani ce, ba ta da wasa ko kaɗan.

Foman, wato shugaban ma'aikatan, shi ne ya fi kowa daɗewa tare da ita, shi ne kuma yake shirya kayan gwajin. Ga yadda ake yi. Mai neman aiki za a ba shi katakon da aka riga aka yanka, daidai na tsani ɗaya, babu ragi babu ƙari. A cikin guntayen da za su zama matakai akwai guda mai aibi. Wani lokaci tsaga ce siririya kamar silin gashi, wani lokaci ɗanyen katako ne, wani lokaci kuma gara ce ta cinye cikinsa ta bar bayan lafiya lau. Ba a gaya wa kowa. Wanda ya ajiye aiki ya zo ya ce, "Wannan ba zai yi ba," ya ci, ko da hannunsa bai gama faɗawa ba. Wanda bai lura ba sam, Anti takan ɗauke shi a matsayin mai koyo ta haɗa shi da wani babba, don a cewarta ido abu ne da ake koya wa mutum. Amma wanda ya gani, ya rufe, ya yi gum, to wannan sai dai a yi masa godiya a raka shi bakin ƙofa, komai iyawarsa. Yadda ake bambance wanda bai gani ba da wanda ya rufe kuwa, ƙafa ce take tona asiri. In an gama sai a jingina tsanin da bango, a shimfiɗa tsohuwar katifa a ƙasa, a ce wa mutum ya hau. Wanda bai san komai ba yakan taka kowane mataki hankalinsa kwance. Wanda ya san abin da ya binne, ƙafarsa ba ta yarda ta taka wurin.

Duk ma'aikatan sun san wannan, tunda ta nan kowa ya shigo, amma ba mai faɗa a waje. Ba rantsar da su aka yi ba. Kowa dai yana taƙama da cewa shi ba wanda ya raɗa masa, to don me zai raɗa wa wani?

Ana cikin haka sai ga kwangilar da ba su taɓa ganin irinta ba. Wata sabuwar makaranta ce take son gadaje na ɗakunan kwananta duka, kafin yara su dawo hutu. Anti ta kama hayar wani babban sito a ƙarshen layi don a mai da shi wurin aiki na biyu, aka sa sanarwa ana neman kafintoci. Mutane kuwa suka yi ta zuwa kamar ana rabon kyauta. Anti ta yi ta gwadawa tana sallama, tana gwadawa tana sallama. Direban kamfanin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce in aka ci gaba a haka za a wayi gari suna da tsani ya fi gadajen yawa.

Foman kansa abin ya fara damunsa. Bayansa ciwo, idonsa ya yi ja saboda garin katako, ga lokaci yana gudu. Rannan ya same ta tana auna wani gado da tef ɗin da kullum yake rataye a wuyanta, ya ce, "Anti, ko za a ɗan sassauta na wannan karon? In muka fita daga kwangilar nan sai a koma yadda aka saba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wanda muka ɗauka don kwangilar nan, in an gama ta korarsa za mu yi?"

"A'a."

"To ka ga ba na wannan karon ba ne ke nan. Zama zai yi, ya koya wa na bayansa." Ta nannaɗe tef ɗinta ta dube shi da murmushi. "Na san ka gaji. Ni ma na gaji. Riƙe mini can gefen."

Ya riƙe. Abin da yake ba shi haushi da matar nan shi ne kuma abin da ya hana shi barin ta duk shekarun nan: ba ta ɗaga murya, ba ta wulaƙanta kowa, amma in ta tsaya a wuri to ta tsaya ke nan.

A wannan makon ne Inna, mahaifiyar Foman, ta aiko a kira shi. Ya san dalilin tun kafin ya je. Auta, ƙanensa, wurin da yake aiki ya rufe, ya tattaro matarsa da tsohon cikinta sun dawo ɗakin da ke bayan na Inna. Kuma Auta kafinta ne, ba na wasa ba. Foman ne ya fara ɗora masa zarto a hannu, amma tuni yaron ya wuce shi a sauri da tsaftar aiki, shi ma ya san haka, yana ma faɗa wa mutane da bakinsa.

Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Bayan gaisuwa ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce, "An ce kuna neman ma'aikata har da sanarwa. Ga ƙanenka a zaune yana ƙirga kajina. Kai ne babba a wurin, ko ba haka ba?"

"Ni ne, Inna. Amma sai ya yi gwaji, kamar kowa."

"Ya yi mana. Wa ya hana?"

Auta yana jingine da ƙofa, ya yi dariya. "Na ji labari ai. Wai tsani ake haɗawa. Yaya, tsani fa. Ko ido a rufe."

Da Foman zai tafi Auta ya rako shi har bakin titi. Suna tafe yaron yana ta zuba, wai in ya samu aikin nan abin da zai fara yi shi ne ya gyara rufin ɗakin kafin haihuwa, don in ana ruwa sai sun tara kwano. Foman yana ji, maganar tana nan a kan harshensa. Ba wata doguwar magana ba ce. Ka duba katakonka, in ka ga wani abu ka faɗa. Shi ke nan. Ba wanda zai ji, ba wanda zai sani, kuma ba ƙarya ya yi ba, nasiha ce irin wadda kowane wa zai yi wa ƙanensa. Har ya buɗe baki. Sai ya ji kansa yana cewa, "Ka zo da wuri. Anti ba ta son latti."

Ya koma gida ransa a jagule. Matarsa ta ajiye masa abinci ta ga yana juya cokali kawai, ta tambaya, ya gaya mata rabi. Ta ce, "Ai Auta ba ya buƙatar a gaya masa komai. Yaron da kai ka koya wa?" Ya ce haka ne, ya riƙe wannan maganar ya kwana da ita.

Washegari, ranar gwajin, tun kafin a kunna inji, Anti ta kira shi gefe. Ta ce sabon wurin aikin nan shi zai riƙe shi, ita ba za ta iya rabuwa biyu ba. Kuma tunda shi zai zauna da mutanen, daga yau shi zai riƙa cewa a ɗauka ko kada a ɗauka.

Foman ya dube ta. Ya ce, "Anti, a cikin na yau akwai ƙanena."

"Na sani. Ai kamarku ɗaya, har tafiyar."

"To da kin duba na yau, ni na fara daga gobe."

"Gobe ma ƙanen wani ne zai zo, ko ɗan maƙwabcinka, ko wanda ya taɓa yi maka alheri. Ba ranar da za ta zo babu kowa naka." Ta dafa teburin. "Ina nan ai, ba gudu zan yi ba. Amma bakinka za a ji."

Mutum uku ne a ranar. Foman ya ɗaure kayan kowa daban, kowane ƙunshi da guntunsa mai tsaga, ya kira Direba ya ce ya rarraba yadda ya ga dama, don kada hannunsa ya zaɓa wa Auta mai sauƙin gani. Daga nan ya koma can ƙarshen rumfar wajen injin yanka, ya juya musu baya. Ya san kansa. In ya tsaya kusa da teburin Auta, ko bai yi magana ba idonsa zai yi.

Duk da ƙarar injin kunnensa yana can. Yana jin gudumar Auta, ya san ta a cikin dubu, ba ta dukan banza. Yana yanka katako yana jira a taɓa kafaɗarsa. Can kuwa aka taɓa. Ya juyo da sauri har ya kusa barin katakon ya kufce.

Ba Auta ba ne. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai facin wando a gwiwa, ɗaya daga cikin ukun, yana riƙe da guntun katako kamar wanda ya zo kai ƙarar kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, wallahi ba ni na fasa ba. Haka na same shi. In na sa shi a tsani zai karye. Ko akwai wani?"

Foman ya karɓa, ya miƙa masa mai kyau daga ƙarƙashin tebur, ya ce ya je ya ƙarasa. Ya hango Anti daga nesa ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Ya ci gaba da jira. Ba a sake taɓa shi ba.

Auta ne ya fara gamawa, da tazara mai yawa. Tsaninsa kuwa sai ka rantse daga kanti aka ɗauko shi. Ya goge shi da samfefa har yana santsi, ƙusoshin duk sun nutse ba wadda ta leƙo, ko'ina daidai. Ma'aikata suna wucewa suna shafawa suna girgiza kai. Direba ya ce wannan ai ba na hawa ba ne, na ratayewa a falo ne. Foman ya ji daɗi ya kuma ji tsoro a lokaci guda. Bai zo ya faɗa ba, wannan ya wuce. Saura abu biyu: ko bai gani ba, ko ya rufe. In bai gani ba, da sauƙi, zai shiga a mai koyo, kuma da irin hannunsa ba zai daɗe a nan ba. Foman bai taɓa roƙon Allah ya sa ƙanensa ya zama marar lura ba sai ranar.

Aka jawo katifa. Mai facin wando ya hau nasa ya sauko lafiya, tsanin ba kyan gani amma ko motsi bai yi ba. Na biyun, wani siriri mai yawan fara'a, ya hau da ƙarfinsa yana taka kowane mataki, yana kaiwa na tsakiya sai ji aka yi ƙaras, ya zube a katifa ƙafafu a sama. Aka kwashe da dariya, shi ma yana dariya yana cewa katakon ne ya ci amanarsa. Anti ta ce masa ya tashi, za a koya masa kallon katako kafin ya sa masa ƙusa.

Ana jingina na Auta sai wayar Anti ta yi ƙara. Shugaban makarantar nan ne, wanda yake kira safe da yamma. Ta ɗaga wa Foman hannu alamar ya ci gaba, ta nufi ƙofa tana toshe ɗaya kunnen. A daidai lokacin kuma motar katako ta iso tana ta hon, ma'aikata suka watse zuwa sauke kaya. Aka bar wa da ƙane da tsani.

"Hau," in ji Foman.

Auta ya hau kamar kyanwa. Dogo ne, mai sauƙin jiki, kafin ka ƙifta ido ya kai sama ya taɓa bango ya sauko ya tsaya yana karkaɗe hannu. Wanda bai san abin da yake nema ba zai ce gwaninta ce kawai. Amma Foman ƙafar yake kallo. Ta tsallake matakin tsakiya a hawa. Ta sake tsallake shi a sauka.

Foman ya matsa ya durƙusa a gaban matakin. Shi da ya zaɓi guntun da hannunsa, ya san akwai tsaga, amma ya nema ya rasa. Sai da ya kai hanci ya ji warin ɗanyen gam, ya sa farce ya bi a hankali, sannan ya ji inda katako ya ƙare garin katako ya fara. An kwaɓa garin da gam an cusa, an goge, an juya wajen ya kalli bango. Shi ya koya masa wannan kwaɓin tun yana ƙarami, don toshe ramin ƙusa. Bai taɓa ganin an yi shi da kyau haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Anti ta dawo tana saka waya a aljihu. Ta ce, "Yaya aka yi?"

Amsar tana nan a shirye, gajeriya, mai sauƙi: bai gani ba, Anti, a haɗa shi da wani. Ba wanda zai musa. Rufin ɗaki zai gyaru, Inna za ta sa masa albarka, jaririn zai zo ya tarar da ubansa yana da aiki. Auta yana kallonsa da fuskar nan tasa ta yaro, yana jiran yabo. Foman ya miƙe.

Ya ce, "Hannu dai babu kamar nasa a rumfar nan, har ni. Amma ba za mu ɗauke shi ba."

Murmushin Auta bai tafi nan take ba. Ya ce, "Yaya?"

"Ka tsallake na tsakiya. Hawa da sauka."

"Ƙafata ce doguwa. Kullum haka nake hawa."

"To taka shi yanzu. Da nauyinka duka."

Auta ya dubi tsanin. Ya ɗora ƙafa a matakin ƙasa, ya ɗaga ɗayar ya kai ta kan na tsakiya, ta taɓa shi da ɗan yatsa kawai ta tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ce wa Anti ya gode, ya fita.

Foman ya bi shi ya cim masa a bayan motar katako. Auta ya juyo idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ya ce, "Ka san inda na fito? A can in ka ce katako ya tsage sai a ce kai ka fasa, ko a ce ragwanci ne. An ba ni kaya daidai, babu ƙari, me kake so in yi? In zo in tsaya a gabanka ina ƙorafi a ranar farko, a ce ƙanen Foman raki gare shi? Don kada in ba ka kunya na yi. Kuma gam ɗin nan zai riƙe, sai ya shekara bai motsa ba."

"Bayan shekarar fa? Wa ke kansa a ranar?"

Auta ya kau da kai. Can ya ce, "Ka san da tsagar. Jiya muna tare har bakin titi. Kalma ɗaya, Yaya."

"Na sani. Ta zo har bakina."

"To me ya hana?"

"Da na gaya maka, da ka ci yau. Daga nan kuma duk tsanin da ka haɗa sai na bi bayanka na hau shi da kaina, har mu tsufa, don ba zan taɓa sanin ko kai ne ka faɗa ko ni ne na faɗa da bakinka ba."

Auta ya juya. Ya saɓa jakarsa ya bi titi, bai waiwayo ba.

Da Foman ya koma ciki ya tarar da Anti ta kwantar da tsanin a tebur tana bin matakin da yatsa. Ta ce, "Kai, yaron nan yana da hannu. Abin takaici." Sai Foman ya tambayi abin da ke cinsa, ko ta ga tsallaken ta wutsiyar ido, ko gwada shi take yi.

Ta ce, "Ban gani ba. Bayana na ba ku, mutumin nan yana ta yi mini faɗa a kunne. Da ka ce bai lura ba, da na yarda." Ta ɗago ta dube shi sosai. "Nan gaba ma ba zan riƙa gani ba. Kana can ƙarshen layi ina nan. Abin da ya hana ni barci ke nan tun da na kama siton, ba kwangilar ba. Yau zan yi barci." Sannan ta ce, "Na san abin da ya ci maka. Sannu."

Wannan sannun ce ta kusa sa shi kuka a gaban ma'aikata. Ya juya zai tafi sai ta ƙara da cewa, "Ka san ban taɓa hana kowa dawowa ya sake gwadawa ba. Su ne ba sa dawowa."

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi bayan nan. Hannu bai isa ba, aikin ya yi latti. Anti ta kira shugaban makarantar ta gaya masa gaskiya tun da wuri, cewa rabi za ta kawo kafin yara su dawo, sauran daga baya, in bai yarda ba ya ba wani. Ya yi faɗa kamar zai fasa wayar, daga ƙarshe ya yarda. Ita da kanta ta ɗaura ɗankwali ta kama samfefa tana goge matakai tare da masu koyo, Direba yana tsokanarta wai a yi mata gwajin tsani tukuna. A gida kuwa Inna ba ta yi wa Foman faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. In ya gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta ci gaba da abin da take yi. Auta kuwa da ya ji muryarsa a ƙofa sai ya shige ɗaki.

Ranar da suka kai kashin farko, suna cikin ɗaure gado na ƙarshe aka buɗe wa yara ɗakin. Suka shigo a guje da akwatuna da bokitai, kowa yana ihun shi ne a sama. Foman ya tsaya da sukurudireba a hannu yana kallo. Wata 'yar ƙarama, da ƙyar ta kai ƙugunsa, ta haye tsani da filo a hammata, tana waige tana yi wa ƙawarta gwalo. Ba ta dubi inda take sa ƙafa ba ko sau ɗaya. Duk cikinsu ba wanda ya duba.

Bayan matar Auta ta haihu da 'yan kwanaki Foman ya je gidan Inna da yamma, da ledar sabulu da kayan jariri. Tun daga waje ya ji ƙarar zarto, sannan ya ji ta tsaya. Auta ya kafa ɗan tebur a tsakar gida yana karɓar ƙananan ayyukan unguwa. Wani maƙwabci ne a tsaye a kansa, ya kawo katakonsa a yi masa benci. Foman ya tsaya a bayan ƙofa bai shiga ba.

Auta yana cewa, "Baba, wannan ba zai yi ƙafar benci ba. Duba nan, ka ga layin? Ya tafi har ciki."

"Kai dai toshe mini shi. An ce ka iya toshewa ba a gani."

"Na iya. Amma ba zan yi ba. Ka kawo wani, ko in yi maka ɗan teburin ajiye rediyo da shi, wanda ba mai zama a kai."

Maƙwabcin ya yi ta mita, wai kafintocin yanzu sun cika iyayi, ya kwashi katakonsa ya fito har ya kusa bangaje Foman. Inna tana zaune a bakin ɗakinta da jaririn a cinya, ta ji komai. Ta ɗago ta ga babban ɗanta a ƙofa. Ta dube shi, ta dubi ƙaramin, sannan ta jawo kujera da ƙafa ta tura masa. Ta ce, "Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo. Zo ka ga ɗanka."

Ya shiga ya karɓi jaririn. Auta ya ɗauki samfefa ya kama goge wani katako da ba ya buƙatar guga, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kada ka ce komai."

"Ban ce ba."

Samfefa ta ci gaba da ƙara. Foman ya gyara wa jaririn hula, ya ce kamar da shi yake magana, "Wata mai zuwa akwai gwaji a sabon wurin."

Samfefar ta tsaya. "Tsaga ce kuma?"

"Ban sani ba tukuna. In na sani ma ba zan faɗa ba."

"Ai na ga alama." Auta ya hure garin katakon daga tebur. "Wa zai duba?"

"Ni."

"To na shiga uku," in ji Auta. Ya ci gaba da gugarsa, can ya tambaya ko har yanzu Anti ba ta son latti.